FARA SOL, BAƘI ƘIRIN: INA SAURAN LAUNUKAN HAUSA SUKA SHIGA A LITTATTAFANMU?

Gabatarwa

A wani zaman karatu da muka yi kwanan baya, wata matashiyar marubuciya ta karanta mana babin farko na littafin da take shirin bugawa. Labarin ya tsaru, hirar taurarinta ma ba laifi. Sai dai da ta zo siffanta amarya, ta ce ta sha ado cikin leshi "peach", ta yafa mayafi "ash", takalmi da jaka kuwa "coffee brown". Da ta kai aya, wani dattijo daga cikinmu, wanda ya daɗe yana koyar da Hausa a firamare, ya ɗaga hannu ya ce, "'Yata, ki yi mini gafara, ni fa har yanzu ban ga amaryar nan ba. Wane irin kaya ta sa?" Aka yi dariya. Marubuciyar ta yi ɗan jim, sannan ta ce, "Baba, ai Hausa ba ta da sunayen waɗannan kaloli."

Wannan amsa ita ce dalilin wannan rubutu. Ba mu ga laifin yarinyar ba, domin kuwa da yawa daga cikinmu, manya da ƙanana, abin da muka ɗauka ke nan, ko da ba mu furta ba. Abin da muke so mu yi a nan shi ne mu bi sawun sunayen launuka na Hausa mu ga daga ina suka fito, mu ɗan leƙa wasu harsuna mu ga ko tasu hanyar ta bambanta da tamu, sannan mu dawo kan ƙagaggun labaranmu mu nuna inda muke ganin ana tuntuɓe. Ba za mu kama sunan littafin kowa ba, saboda ciwon na gama-gari ne, mu kanmu ba mu tsira daga gare shi ba.

Uku na asali

Duk wanda ya lura da Hausa zai ga cewa launuka uku sun sha bamban da sauran, wato fari da baƙi da ja. Da farko dai ba a iya nuna wani abu a ce daga gare shi aka samo sunansu, su ne ma ake siffanta abubuwa da su. Na biyu, su ne suka fi tara kalmomin amsa-kama: fari fat, fari sol, fari tas, fari ƙal, baƙi ƙirin, baƙi wuluk, baƙi siɗik, ja wur, ja zur. Na uku, su ne suka ratsa cikin adon magana har muka manta launuka ne. Muna cewa farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, jan hali da jan aiki, baƙar magana, baƙar wahala, farar hula. Ko ma'adinai da su Bahaushe ya rarrabe: baƙin ƙarfe na maƙera, jan ƙarfe wato tagulla, farar wuta, farar ƙasa da jar ƙasa. Man da ake soya ƙosai da shi daga kudu ya zo, amma launinsa ne ya raɗa masa suna a nan, aka ce manja.

Wannan fifiko na launuka uku ba a Hausa kaɗai yake ba. A shekarar 1969 wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, suka fitar da littafi a kan sunayen launuka a harsuna 98. Abin da suka kawo shi ne, harsunan duniya ba da ka suke raɗa wa launuka suna ba, akwai jeri da suke bi. Harshen da ke da sunaye biyu kacal, to na haske da duhu ne, wato fari da baƙi. In akwai na uku, ja ne. Bayansa sai kore ko rawaya, sannan shuɗi, sannan ruwan ƙasa, daga nan sai su shunayya da ruwan hoda da ruwan goro da ruwan toka, jimla 11. An yi ta muhawara a kan wannan ra'i, su kansu masu shi sun yi masa gyare-gyare daga baya. Amma mu da muke jin Hausa, in muka ɗora jerin nan a kan harshenmu, za mu ga bai yi nisa da abin da kunnenmu ke gaya mana ba. Na ukun farko ba su jingina da komai ba. Masu bi musu, shuɗi da kore da rawaya, kalmomi ne tilo amma ana iya gano tushen wasunsu. Na ƙarshen kuwa sai an jingina su da wani abu ta hanyar kalmar "ruwan".

Akwai kuma abin lura ga marubuci tun daga nan. Fari a Hausa ba kullum ne alheri ba, in ba haka ba da ba a camfa mace a ce tana da farar ƙafa ba. Baƙi kuma ba kullum ne sharri ba, shi ya sa Hausawa suka ce baƙar tukunya mai fid da farin tuwo. Za mu dawo kan wannan.

Daga bakin karofi

Shuɗi ɗan gidan marina ne. Akwai tsiron baba, wanda ake yankar ganyensa a kirɓa a dunƙula a shanya. Akwai shuni, wato sarrafaffen baba da ake ba tufa sheƙi da shi. Akwai karofi, filin rijiyoyin rini waɗanda ake shafe cikinsu da laso don kada su tsotse ruwa. A cikin rijiyar ake haɗa baba da ruwan toka da katsi, a bari ya kwana da kwanaki yana tsima, ana motsawa, har ya nuna. Daga wannan gida ne muka sami shuɗi, shuɗiya, shuɗɗa, muka kuma sami shunayya, wadda ko a kunne ana jin 'yar shuni ce. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, tana nan ga mai son gani da idonsa.

Muna ba kowane marubuci shawara ya je ya tsaya a bakin rijiyar rini ko sau ɗaya ne. Zai ga abin mamaki: idan marini ya tsamo zane daga ruwan baba, da launin kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya riƙa juyewa shuɗi a gaban idonka. In aka sake tsomawa ya ƙara duhu, a sake ya ƙara, har ya kai matsayin da Bahaushe ba ya ce masa shuɗi kuma, sai dai baƙi. Daga nan a kai wa mabuga su barbaɗa shuni su yi ta bugu da tabare a kan gungume har ya riƙa walƙiya. Irin wannan babbar riga mai duhu da sheƙi ita ake kira kore, duk da cewa ba ta da haɗi da launin ganye. Ashe ke nan kalma guda tana ɗauke da ma'ana biyu, launin ciyawar damina da kuma rigar manya. Wanda bai san wannan ba, in ya ji an ce basarake ya fito cikin kore, zai zana masa riga mai launin tutar Nijeriya a zuciyarsa, ya kuwa yi kuskure.

Wannan baƙin tufa ba abin raini ba ne a tarihinmu, shi ne ma dukiya. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya bayyana saƙa da rini a matsayin ƙashin bayan cinikin birnin, ya kuma nuna yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Garin Kura ya yi suna da rawuna masu sheƙi har aka ce wa rawanin ɗan Kura. Buzaye suna sayensa da tsada, shunin yana zuba a fatarsu suna alfahari da shi, abin da ya sa Turawa suka yi musu laƙabi da shuɗɗan mutane. Turkuɗi da saƙi, mai ɗigo-ɗigon fari da shuɗi kamar jikin zabuwa, duk 'ya'yan karofi ne. Abin ya fara ja da baya bayan da wani kamfanin Jamus, BASF, ya fara sayar da baba na kimiyya a 1897, sannan atamfofin masaƙun Turai suka cika kasuwa. Da sana'a ta ja baya, kalmominta ma suka bi ta.

Daga daji da kasuwa

Rawaya sunan tsiro ne kafin ta zama sunan launi. Wani ɗan tsiro ne da ke fitar da fure bayan an ƙone daji, saiwarsa ake tonowa a daka a sami garin da ake rini da shi, masu maganin gargajiya kuma suna ba da ita ga mai ciwon shawara. Ɗan'uwanta a launi, ruwan ɗorawa, daga garin da ke cikin kwanson 'ya'yan ɗorawa aka samo shi, wanda duk yaron ƙauye ya san yadda yake ɓata baki da riga. Ita dai wannan bishiya ta sake ba mu wani launin, domin daga ɓawon 'ya'yanta ake yin makuba da ake shafe soraye da daɓe da ita, mai duhun ja-ja, muka ce ruwan makuba. Launin ganye kuwa sunaye uku gare shi: kore, algashi, da tsanwa wadda aka fi ji a bakin mutanen yamma da na Nijar.

Dukawa ma suna da nasu kason. Jar fatar nan ta akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, da bagaruwa ake jeme ta, da karan dafi ake rina ta. Karan dafi wata irin dawa ce da ake nomawa don jan da ke jikin kubenta. Baƙin fata kuma da kuloko ake yinsa, wanda ake haɗawa da kashin maƙera, rawaya kuma da gangamau. A ɗakin mata akwai jan lalle, da baƙin tozali, da katambiri, da majigi. Duk waɗannan launuka ne da ke da ƙamshi da wuri da mutanen da ke yinsu.

Fatauci ya kawo nasa. Goro ba ya fita a ƙasar Hausa, fataken Gwanja ne suka riƙa ɗauko shi daga kasuwannin irin su Salaga a ƙasar Gana ta yau, amma launin da yake bari a bakin mai cinsa ya ba mu ruwan goro. Alharini, jan siliki mai ɗaukar ido da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, ayarin Tarabulus ne ke kawo shi, sunansa kuma daga kalmar Larabci ta siliki yake. Tsamiya kuwa silikin gida ce, daga saƙar wata tsutsa, launinta tsakanin madara da ƙasa. Ita kanta kalmar "launi" aro ce daga Larabci, kamar yadda "kala" take aro daga Turanci.

Sai babbar ma'aikatar da Hausa ta gina wa kanta, wato "ruwan kaza": ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan zuma, ruwan ƙwai, ruwan hanta, ruwan madara, ruwan ganye, ruwan lemo, ruwan gwal, ruwan azurfa. A ganinmu ba banza ba aka zaɓi kalmar ruwa, domin al'ummar da ta san launi a matsayin abin da ake jiƙawa a tsoma tufa a ciki, dole ta kira shi ruwa. Abin sha'awa shi ne wannan ma'aikata ba ta daina aiki ba da zuwan zamani. Hoda ta zo daga Turai, matanmu suka dubi launinta suka ce ruwan hoda. Bular wanki ta zo, aka ce ruwan bula. Garin sabulun Omo ya zo, aka ce ruwan omo. Babu kwamitin da ya zauna, babu farfesan da ya sa hannu. Mata ne a kasuwar atamfa da teloli a bakin keke suka ƙera su, kowa kuma ya gane.

Su ma Turawan haka suka yi

Mai cewa Hausa ba ta da sunayen launuka yana ɗauka ne cewa na Turanci daga sama suka faɗo. To, ba haka ba ne. Kalmar "orange" sunan lemo ce, ta taso daga harshen Sanskirit na Indiya, ta bi ta Farisanci da Larabci, inda ake cewa naranj, kafin ta isa Turai, kuma sai a ƙarni na 16 Ingilishi suka fara kiran launi da ita. Wato ruwan lemo ke nan, ba ƙari ba ragi. "Peach" ɗin da amaryarmu ta sa ɗan itace ne, "ash" toka ce, "coffee" kuwa gahawa. "Purple" daga sunan wata dodon koɗin teku ce da mutanen birnin Taya, a Lebanon ta yau, suke matse ta su yi rinin da sai sarakuna ke iya saye. "Crimson" daga ƙirmiz ne na Larabci, wani ƙwaro da ake busarwa a yi jan rini da shi. "Indigo", wato babanmu, ma'anarsa a Girkanci abin da ya zo daga Indiya. "Mauve" sunan wani fure ne a Faransanci, an liƙa shi ga rinin da wani saurayi ɗan shekara 18, William Perkin, ya gano bisa tsautsayi a Landan a 1856 yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro. "Magenta" kuma sunan wani gari ne a Italiya da aka gwabza yaƙi a 1859.

Wadda ta fi ba mu dariya ita ce kaki. Asalinta khak ne na Farisanci, ma'ana ƙasa ko ƙura. Sojojin Ingila a Indiya suka ara a tsakiyar ƙarni na 19 don tufafinsu masu launin ƙasa, sannan suka zo mana da ita lokacin mulkin mallaka. Ruwan ƙasa ne dai ya zaga duniya ya dawo mana da wandon soja.

Haka nan kowane harshe da inda yake yanka iyakarsa. Rashawa suna da kalmomi biyu daban don shuɗi mai duhu da mai haske. Japanawa suna kiran koriyar fitilar kan titi da kalmar da suke kiran shuɗi da ita. A 1858 William Gladstone, wanda daga baya ya zama firayim ministan Ingila, ya yi nazarin waƙoƙin Homa na tsohuwar Girka, ya lura cewa mawaƙin ba ya kiran teku shuɗi, da giya ma yake kamanta launinsa. Gladstone ya zaci ko idanun mutanen da ne ba su gama buɗewa ga launi ba. Masana sun bar wannan zato, sun gane ido ɗaya ne, rabon suna ne ya bambanta. Kuma rashin kalmar bai hana a yi shekara fiye da dubu biyu ana karanta Homa ba, saboda ya sa mai sauraro ya ga tekun.

Inda muke tuntuɓe

Tuntuɓe na farko shi ne zuba sunayen Turanci ɗanye. Wannan ya fara tun zamanin littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980, ya kuma ƙaru da rubutu ya koma wayar hannu. Illarsa a fili take. Mai karatun da bai yi boko mai zurfi ba, wanda kuma shi ne ya fi sayen littattafanmu, an rufe masa ido a daidai wurin da ake so ya gani. Wanda ma ya yi bokon, sunan kawai ya ji, domin bai taɓa riƙe ɗan itacen "peach" a hannunsa ba. Da marubuciyarmu ta ce leshin ruwan hoda ne mai haske da ya ɗan ja zuwa ruwan goro, mayafin ruwan toka, takalmi da jaka ruwan makuba, da dattijon nan ya ga amarya, ya kuma sa mata albarka.

Tuntuɓe na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne launin fatar taurari. Mu faɗi gaskiya, sau nawa muka buɗe littafi muka tarar tauraruwa fara ce sol, doguwa, mai gashi har gadon baya, kamar Balarabiya ko Ba'indiya? Sau nawa kuma muka tarar kishiya mai mugunta, ko 'yar aiki, ko boka, baƙi ne wuluk? An maimaita wannan zubi har ya zama kamar doka, marubuci na sa shi ba tare da ya yi tunani ba. Ta fuskar fasaha wannan lalaci ne, domin taurari ɗari sun zama mutum guda, ba a iya bambance Zainab ɗin wannan littafi da Fatimar wancan. Ta fuskar harshe kuma asara ce. Bahaushen da ya fi cewa mai hasken fata ja ne, shi ya sa ake wa yaro laƙabi da Jatau. Yana da wankan tarwaɗa, yana da baƙi mai sheƙi, kuma mun riga mun ga cewa a wajen mutanen da suka ɗauki rigar kore da rawani ɗan Kura a matsayin ƙarshen ado, baƙi mai sheƙi ba abin kunya ba ne. Ta fuskar tarbiyya kuwa, nan ne abin tsoro yake. Yarinya 'yar shekara sha huɗu da ta karanta littafi ashirin, a cikin kowanne farar ce ta auri mai kuɗi, baƙar kuma aka sake ta, me muka koya mata game da fuskar da take gani a madubi? Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa mayukan sauya launin fata, musamman masu zaiba a ciki, suna lalata fata suna kuma taɓa ƙoda. Ba mu ce marubuta ne suka kawo wannan annoba ba, finafinai da tallace-tallace suna da kaso mai tsoka. Amma wanda ya ƙara wa wuta ice ba zai ce ba ruwansa da gobara ba.

Tuntuɓe na uku shi ne launi ya tsaya a kan sutura da mota da kujerun falo kawai. Ana iya karanta littafi mai shafi ɗari biyu ba a san ko da damina ake ko da rani ba. Ina farin hazon hunturu da ke mayar da rana kamar faifan azurfa? Ina baƙin hadarin gabas, da jar guguwar da ke riga shi isowa? Ina kore shar na gero a watan Agusta, da ruwan zumar karmami bayan girbi? Mai rubuta labarin sarauta ya ce sarki ya hau farin doki, barde ya hau baƙi, shi ke nan, alhali 'yan doki suna da kili, da akawal, da hurde, da gunya, da danda, kowanne da kamanninsa da darajarsa. Kalma guda daga cikin waɗannan tana nuna wa mai karatu cewa marubucin ya taɓa tsayawa a bargar doki.

Ga masu cewa harshe yana tafiya da zamani

Mun san za a ce mana ai yau a Kantin Kwari ma "pink" ake cewa, kuma marubuci madubin al'umma ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma mu ba masu ƙyamar aro ba ne. Ta yaya za mu ƙi aro bayan mun nuna launi da alharini da hoda da bula da kaki duk baƙi ne da suka zama 'yan gida? Idan 'yar jami'a ce ke magana a cikin labari, a bar ta ta yi irin maganarta, hakan ma siffanta ta ne. Inda muke ja shi ne muryar mai ba da labari, wadda ita ce muryar marubuci. A nan ma'auninmu guda ne: shin mai karatu ya gani ko bai gani ba? Ruwan omo ya ci wannan jarrabawa domin ya bi ta bakin Hausawa ya shiga zubin harshensu. "Coffee brown" bai ci ba tukuna.

Haka kuma ba muna kira ba ne a kwaso tsofaffin kalmomi a jibga don burga. Wanda ya cusa algashi da hurde da katambiri a sakin layi guda don a ce ya iya Hausa, shi ma ya rufe wa mai karatu ido, ta wata hanyar dai. In kalmar ta yi nisa da kunnen matasa, a sa ta inda abin da ke kewaye da ita zai fassara ta, sau ɗaya ko biyu, har ta zauna.

Kammalawa

Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ba ta da tsada. A riƙe ɗan littafin aljihu, a shiga wajen marina da dukawa da masu ɗinkin hula da 'yan doki da masu sayar da atamfa, a tambaye su sunan kowane launi da ke gabansu, a rubuta. A zauna da kakanni mata a tambaye su launukan zannuwan aurensu. A leƙa ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, da littafin Dalziel na 1916 a kan sunayen tsirrai na Hausa, akwai dukiya kwance a ciki. In an zo siffanta abin da ba shi da suna, a dubi abin da ya yi kama da shi a gidan mai karatu a ce ruwan kaza, hanyar a buɗe take tun kaka da kakanni. In kuma an zo siffanta tauraruwa, a dakata a tambayi kai: don me na sa ta fara? In amsar ita ce don haka aka saba, to a sake tunani.

Muna kuma kira ga rassan ƙungiya su sa wannan a cikin zaman karatunsu, a ba matasa aikin siffanta kasuwa ko hawan salla ko faɗuwar rana a shafi guda ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba, a karanta a yi gyara. Marubuciyar da muka buɗe da labarinta ta karɓi gyaran da hannu biyu, har ta ce za ta je Ƙofar Mata kafin ta kai littafin maɗaba'a. Muna jiran fitowarsa, muna kuma maraba da ra'ayin duk wanda yake ganin mun yi kuskure ko mun bar wani launi a baya, filin mujallar nan na kowa ne. Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani, amin.